Daga Ƙofar Mazugal Zuwa Agadas: Tattakin Hamada Domin Marayu

Ranar wata Juma'a da daddare, bayan sallar isha'i, ɗan ƙanwata ya yi sallama a zaurena riƙe da takarda. Yana shekarar ƙarshe a jami'a, kuma tun yana ƙarami ba a san shi da zama wuri ɗaya ba. Bayan mun gaisa ya miƙo mini takardar da hannu biyu, ya ce, "Kawu, shawara na kawo. Ni da abokaina uku mun ɗaura niyyar tafiya da ƙafa daga Kano zuwa Agadas idan mun gama jarrabawa. Za mu roƙi jama'a su ɗauki nauyin kowace kilomita, abin da aka tara mu kai gidan marayu." Na tambaye shi ko mahaifiyarsa ta sani. Ya sunkuyar da kai, ya ce ai abin da ya kawo shi ke nan: ta ce ba da yawunta ba, sai idan ni na amince.

Ba ƙaramin nauyi aka ɗora mini ba. Idan na hana shi, na kashe wa matashi zuciyar alheri a zamanin da irinta ta yi ƙaranci. Idan na ƙyale shi wani abu ya same shi a hanya, da wane ido zan dubi ƙanwata? Don haka ban ba shi amsa a daren ba. Na ce ya dawo da sassafe mu zaga birni tukuna, domin wanda zai nufi hamada daga Kano ya kamata ya fara sanin abin da hamada ta bari a cikin badala.

Na san inda tunanin nasu ya samo asali. A ƙasashen Turai da Amurka al'ada ce mutum ya ɗora wa kansa wata wahala, ko gudu ko hawan dutse ko doguwar tafiya, ya shelanta, dangi da abokan arziki su yi alkawarin kuɗi, a miƙa wa wata gidauniya idan ya cika. Sahara ta zama ɗaya daga cikin manyan filayen wannan al'ada. A 1984 wani Bafaranshe, Patrick Bauer, ya yi tafiyar kilomita 350 shi kaɗai a hamadar Aljeriya cikin kwana 12. Bayan shekara biyu, a 1986, ya kafa gasar Marathon des Sables a kudancin Maroko, mutum 23 suka shiga karon farko. Yau ɗaruruwa ke zuwa duk shekara, su ci kimanin kilomita 250 a mako guda, kowa da abincinsa a goye, da yawansu kuma da sunan wata gidauniyar yara ko ta marasa lafiya. Daga ƙarshen 2006 zuwa farkon 2007 wasu mutum uku, Charlie Engle da Ray Zahab da Kevin Lin, sun yi gudu daga gaɓar teku a Senegal har Bahar Maliya a Masar cikin kwana 111, suka bi ta Agadas, domin jawo hankalin duniya ga ƙarancin ruwan sha a Afirka.

'Yan ƙasarmu ma ba a bar su a baya ba. Newton Jibunoh ya ƙetare Sahara da mota tun a shekarun 1960, ya sake ƙetarewa bayan shekara talatin da wani abu, ya koma karo na uku a 2008. Abin da ya gani na kwararowar hamada ne ya sa ya kafa ƙungiyar FADE a 2000, wadda ta dasa katangar bishiyoyi a Makoɗa, nan arewacin jihar Kano. A 2022 Kunle Adeyanju ya hau babur daga Landan ya iso Legas a ƙarshen watan Mayu bayan kimanin kwana 40, ya ratsa yammacin Sahara ta Maroko da Muritaniya, yana tara wa ƙungiyar Rotary kuɗin yaƙi da cutar shan-inna. Ba mu kuma manta da 2015 ba, shekarar da Sulaiman Hashimu ya tako daga Legas zuwa Abuja domin murnar sakamakon zaɓe, daga nan tattaki ya zama yayi, kowa ya ɗauki jaka ya hau titi domin wani ɗan siyasa. Ɗan ƙanwata ya ce abin da ya ɓata masa rai ke nan: an yi ta tattaki domin masu mulki, ba a yi domin yaran da ba su da kowa ba.

Mun faro daga Fagge, hazon hunturu bai gama washewa ba. Wanda ya ga Fagge yau, da shagunanta da hayaniyar 'yan adaidaita, ba zai yi tsammanin fili ne na saukar ayari ba. A nan bayan ganuwa Abzinawa ke sauke raƙumansu idan sun iso daga arewa da gishiri da dabino, su kafa zango, su shiga birni da rana su yi ciniki. Har gobe raƙumi yana zuwa wannan gefe na Kano, sai dai ba da ƙafarsa ba. A tirela ake kawo shi daga kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari, a sauke shi a abbatuwa kusa da Ƙofar Mazugal. Muka tsaya muna kallon wasu guda biyar a gurfane, an ɗaure musu gwiwa, suna tuƙa ba ruwansu da kowa. Na ce da yaron ya dube su da kyau, domin su ne suka ɗauki arzikin wannan birni a bayansu tsawon ƙarnoni, kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ya juya fuskar kasuwancinmu daga arewa zuwa teku.

Muka shiga ta Ƙofar Mazugal. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina badala, Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) kuma ya faɗaɗa ta. Abin da ya rage a wannan ɓangare ɗan tudu ne nan da can, ruwan sama ya ci rabi, gine-gine sun cinye saura. Amma ƙofofin arewa, Mazugal da Ƙofar Ruwa da Ƙofar Dawanau, suna nan da sunayensu, kuma ta wannan nahiya ce labarin Tarabulus da Gadamas da Gat ke shigowa birni.

Daga nan muka nufi Dala. Na hau matakala ina haki, shi kuwa yana gaba yana jirana a kowane mataki goma, abin da ya tuna mini cewa ƙarfin jiki ba shi ne abin da zan yi masa gardama a kai ba. A saman dutsen na nuna masa arewa, inda hazo ya haɗiye gari. Ta can hanyar da ya zana a takardarsa ta bi: Ɗambatta, Kazaure, Daura, a ƙetare iyaka a Kwangwalam, a bi ta Matamaye a shiga Damagaram, daga nan Tanut a ƙasar Damargu, sai Adarbisnat, sai Agadas. Daga Kano zuwa Damagaram kimanin kilomita 240 ne, daga Damagaram zuwa Agadas kimanin 450, jimla kusan 700. Idan suna cin kilomita 25 kullum ba hutu, tafiyar kwana 28 ce. Kashi na farko gonaki ne da ƙauyuka, inda ba za su rasa ruwa da wurin kwana ba. Bayan Tanut ne ƙasa ke sauya kama, gona ta ƙare, garuruwa su yi nisa da juna, mutum ya wuni bai ga inuwar kirki ba.

A kan wannan dutse ne Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya tsaya ya dubi Kano. Ya bar Tarabulus a watan Maris na 1850, ya ziyarci Agadas a watan Oktoba, ya biyo ayarin gishiri na Abzinawa zuwa kudu, bai shigo Kano ba sai farkon Fabrairun 1851. Ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin 30,000, adadin da ke ninkawa a lokacin da fatake suka cika gari. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tufafin Kano, saƙi da rini, waɗanda ya ce suna kaiwa har Murzuk da Gat da Tarabulus da Tumbuktu. Tun kafin Barth da ƙarni uku da rabi, ta wannan hanya ta hamada Shehu Magili ya iso Kano a zamanin Rumfa. Wato mu da Sahara ba baƙin juna ba ne. Ta kawo mana littattafai da malamai da takarda da turare, ta kai mana fata da shuni da gashin jimina.

Da muka sauko muka ratsa lunguna zuwa Dandalin Turawa. Na tambaye shi ko ya san su wane ne Turawan. Ya ce Ingilishi mana. Na ce a'a, tun kafin Ingilishi su zo Kanawa ke kiran Larabawan Tarabulus da Gadamas da wannan suna, kuma a nan suka yi gidajensu. Sunayen unguwanni su ne littafin da wuta ba ta ci ba: Alfindiki daga kalmar Larabci ta masaukin fatake, Agadasawa unguwar mutanen Agadas, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Sharifai. Hatta gurasar da muka tsaya muka saya a wajen Jakara, da alkaki da alkubus da ake yi a gidajen birni, daga ɗakin girkin waɗannan baƙi suka fito suka zama namu.

A kasuwar Kurmi, wadda ita ma Rumfa ya kafa, na kai shi rumfar wani dattijo mai sayar da kanwa da gishiri, wanda na daɗe ina sayayya a wurinsa. Kakansa Ba'agadashe ne. A gefen rumfar akwai kantu biyu na gishirin Bilma, irin wanda ake ba dabbobi su lasa. Har yau akwai Abzinawan da ke tashi da kaka daga duwatsun Abzin, su ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma da gero, su komo da gishiri da dabino, sannan su gangaro ƙasar Hausa, ko da yake motoci sun ƙwace mafi yawan wannan fatauci. Na gabatar da yaron, na faɗi abin da ke ransa. Dattijon ya dube shi tun daga sama har ƙasa, ya ce, "Samari, wane ne madugunku?"

Yaron ya ce, "Baba, ai muna da taswira a waya."

Dattijon ya yi dariya har ya riƙe gemu. Ya ce waya takan nuna inda rijiya take, ba ta faɗin ko da ruwa a ciki, ba ta kuma faɗin ko ta wace ce. Sannan ya zayyana masa yadda ake haɗa ayari a da. Akwai madugu, wanda maganarsa ce ta ƙarshe, shi ya san hanya da rijiyoyi da sarakunan da za a gaisar. Akwai jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da wurin sauka. Akwai uban dawaki mai kula da kuɗin fito da na garuruwan da za a ratsa. Akwai malamin ayari mai riƙe da lissafi da addu'a. Ba a tashi sai an ƙirga salka nawa, raƙumi nawa, kwana nawa tsakanin wannan rijiya da waccan. Ya ce, "Ɗana, da lissafi ake shiga hamada. Masu shiga da zafin zuciya su ne ake tsintar ƙasusuwansu." Ya ƙara da labarin bishiyar Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai tsawon zamani tana zama alama ga ayari, har wata babbar mota ta buge ta a 1973, gangar jikinta tana gidan tarihi a Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta. Ƙasar da bishiya ɗaya ta isa ta zama alama a taswira, in ji shi, ba ƙasar gwaji ba ce.

Maganar dattijon ba tsoratarwa ba ce kawai. Mai tafiya cikin zafin rana yakan zubar da gumi fiye da lita guda a awa ɗaya, kuma ruwan da zai mayar da wannan ya fi ƙarfin abin da mutum zai goya. Ko a gasar Maroko, inda ake da likitoci da motoci da wuraren raba ruwa, wani ɗan Italiya, Mauro Prosperi, ya ɓata cikin guguwar yashi a 1994, sai bayan kwana tara aka same shi a cikin ƙasar Aljeriya, saura ƙiris ya mutu.

Kafin mu bar Kurmi na ja shi gefe, domin akwai abin da ba a cika faɗa wa masu yawon buɗe ido ba. A wannan kasuwa an sayar da mutane. Barth ya ga haka da idonsa, kuma daga cikin waɗanda aka sayar akwai waɗanda aka kora arewa, suka taka hamada da ƙafa har Fezzan da Tarabulus, da yawansu yara ne. Idan ana maganar tattakin hamada da yara, wannan shi ne babi na farko a tarihinmu, ba mu da ikon tsallake shi. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a kan wannan ciwo aka gina shi: yaron da aka raba da gida aka ƙetare hamada da shi, da uwar da ta bi sawunsa.

Akwai kuma wanda ba ƙagaggen labari ba ne. Dorugu yaro ne Bahaushe daga wani ƙauye na ƙasar Damagaram, aka kama shi aka sayar, har ya kai Kukawa, inda abokin tafiyar Barth, Adolf Overweg, ya 'yanta shi. Ya bi Barth zuwa Tumbuktu, sannan a 1855, yana ɗan shekara goma sha wani abu, ya ƙetare Sahara tare da shi ta Bilma da Murzuk zuwa Tarabulus, daga nan Ingila. A can ya ba J. F. Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga a cikin Magana Hausa a 1885, wanda yana cikin rubuce-rubucen Hausa na farko a boko. Daga baya ya komo gida, ya ƙare rayuwarsa a nan Kano yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa, ya rasu a 1912. Shi kansa Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya ƙetare hamada daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, kafin ya buɗe waccan makaranta a 1909. Yaron da ya taka hamada da Baturen da ya taka ta, su biyun a aikin koyar da yara suka haɗu.

Da a ce labarin ya tsaya a ƙarni na 19, da sai mu ce ya wuce. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Nijar da Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Daga cikinsu 52 yara ne, 33 mata, 7 maza, kuma mafi yawansu daga kudancin jihar Damagaram suke, musamman yankin Kance, wanda ke kan hanyar nan da ɗan ƙanwata ya zana, 'yar tazara kaɗan daga Daura. Hausa suke ji kamar mu, talauci ne ya kore su neman abin sawa a baka a biranen Aljeriya. Har yanzu kuma ana sauke baƙin hauren da aka koro daga Aljeriya a bakin iyaka, su taka kimanin kilomita 15 cikin yashi kafin su isa Asamaka, da mata da ƙananan yara a cikinsu. Waɗannan ma tattakin hamada suke yi, babu mai ɗaukar nauyin kilomitarsu, babu mai jiransu da kalangu.

Yaron ya yi shiru har muka fito daga kasuwa. Muka biyo ta wajen fadar Sarki, muka wuce Gidan Makama, muka zo daidai asibitin yara na Hasiya Bayero, inda iyaye mata ke shiga da fita da goyo. A ɗan tsakanin nan na sa shi ya ƙirga yaran da muka gamu da su a lokacin da ya kamata a ce suna gaban malami: almajirai da robobinsu, 'yan mata da farantin talla, yara masu tura kurar ruwa da ta fi su tsawo. Da ya wuce talatin ya daina. Asusun UNICEF ya daɗe yana cewa yaran Nijeriya da ba sa zuwa makaranta sun haura miliyan 10, kuma kowa ya san a wane ɓangare na ƙasar suka fi yawa.

A nan na yi masa tambayar da na riƙe tun daren jiya. Na ce, "Gidan marayun da za ku tara wa kuɗi, yara nawa ne a ciki?" Bai sani ba. "Me suka fi buƙata, abinci ko magani ko kuɗin makaranta ko gyaran rufi?" Bai sani ba. "Ka taɓa shiga?" Ya ce sun yi niyyar zuwa ranar miƙa kuɗin. Ban yi masa faɗa ba, domin ba shi kaɗai ke da wannan ciwo ba. Mutum ya san sunan kowane zango daga nan zuwa Agadas, bai san sunan yaro ɗaya daga cikin waɗanda zai yi tafiyar dominsu ba. Idan haka ta kasance, tafiyar ta zama ta mai tafiya, yaran kuwa sun zama hoton da ake mannawa a jikin riga.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke kashe irin wannan aiki a ƙasarmu. Mutum huɗu na kwana 28 suna buƙatar abinci, da motar da za ta biyo su da ruwa, da man motar, da ɗan jagora, da takalma, da magunguna, da takardun ƙetare iyaka, da kuɗin komowa. Idan daga cikin gudummawar jama'a za a cire wannan, ba mamaki a wayi gari kuɗin tafiya ya cinye na marayu, a zama an yi wahalar banza da sunan sadaka. Ni kaina an taɓa sha na. Shekarun baya na ba da abin da ya fi ƙarfina a wani asusun tallafa wa yara da aka ƙaddamar da taro da jawabai, har yau ban ga takarda ɗaya da ta nuna inda kuɗin ya tafi ba. Irina suna da yawa a garin nan, shi ya sa hannun mutane ya yi nauyi, alhali Kanawa ba marowata ba ne. Garin da ake ciyar da dubban mutane a watan azumi ba tare da an san mai bayarwa ba, ba zuciyar bayarwa ya rasa ba. Amana ce ta yi rauni.

Wani zai ce, to me ya sa ba za a ba da sadakar a ɓoye ba, a huta da wahala da zargin riya? Tambaya ce mai nauyi, kuma malamanmu sun fi ni sanin amsarta. Abin da na sani shi ne akwai matsalolin da kuɗin mutum ɗaya ba ya magance su, sai an tashi gari. Cutar shan-inna misali ce. A 2003 aka dakatar da allurar rigakafinta a Kano saboda zargi, aka komo a 2004, kuma sai da sarakuna da malamai da ma'aikatan lafiya suka yi shekaru suna bi gida-gida, wasu har suka rasa rayukansu a 2013, kafin a kai ga ranar 25 ga Agusta, 2020, da aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Aikin ƙafa ne da jawo hankali. Idan matasa huɗu suka sa mutane dubu suka waiwayi gidan marayun da suke wucewa kullum ba su taɓa leƙawa ba, tafiyarsu ta biya, ko da abin da aka tara bai kai yadda aka so ba.

Saura batun tsaro, wanda shi ne ainihin abin da ke hana ƙanwata barci. An sha sace mutane a arewacin Nijar. A watan Satumban 2010 an ɗauke ma'aikata bakwai a Arlit. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, iyakarmu da Nijar ta kasance a rufe har zuwa Maris na 2024, kuma a Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS. Zumuncin Kano da Damagaram ya girmi waɗannan al'amura duka, amma jami'in da ke bakin shinge da takarda yake aiki.

A gindin wata bishiyar darbejiya kusa da Ƙofar Mata, inda marina ke ɗaga zane daga karofi, na ba shi amsata. Na ce ban hana ba, amma da sharuɗɗa. Su fara da zuwa gidan marayun kowace Asabar har wata uku, su san yaran da masu kula da su, su rubuta buƙatun gidan da farashin kowace, domin mai bayarwa ya san ko katifa ya saya ko kuɗin zangon karatu ya biya. Kuɗin tafiya daga aljihunsu da na iyayensu zai fito, har da nawa, kada a taɓa kwabo daga na marayu. A buɗe asusu a banki da sa hannun mutum uku, ciki har da shugabar gidan da wani dattijon unguwa da aka yarda da shi, a riƙa bayyana abin da ya shiga duk mako. Su yi tafiyar da sanyi, tsakanin Nuwamba da Janairu, bayan likita ya duba su. Zangon farko Daura ne. Idan hanya ta yi kyau kuma hukumomin ƙasashen biyu sun ba da izini a rubuce, su ƙarasa Damagaram. Abin da ya wuce nan sai da madugu ɗan ƙasar, kuma ranar da ya ce a juya, a juya ba gardama. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma babu marayan da zai amfana da gawar wanda ya tafi dominsa.

Ya ce, "Kawu, idan muka tsaya a Damagaram ai ba mu shiga hamada ba." Na ce masa ya tuna mutanen Kance. Idan suka tsaya a can suka kwana, suka ji daga bakin iyaye abin da ke sa uwa ta ɗauki 'ya'yanta ta hau motar Arlit, suka komo suka faɗa wa Kano, sun kawo labarin hamada fiye da wanda ya ɗauki hoto a gindin hasumiyar Agadas. Hasumiyar tana nan tun ƙarni na 16, za ta jira su.

Da yamma na je na faɗa wa ƙanwata yadda muka yi. Ta saurara har na gama, ta ce, "Yaya, tunda ka ce haka, na yarda da Daura. Sauran sai na ga yadda ya komo." Ta kuma ce a sa sunanta a farkon masu ɗaukar nauyi, kilomita goma, amma sai ta ga takardar buƙatun yaran da idonta.

Asabar ɗin da ta wuce su huɗun suka je gidan marayun karo na farko. Ya bugo mini waya da dare ya ce akwai wani yaro ɗan shekara bakwai da ya riƙe masa hannu ya ƙi saki, yana tambayarsa ko zai dawo. Asabar mai zuwa, bayan sun fito daga can, za su fara gwajin ƙafa: su bi sawun badala daga Ƙofar Mazugal su zagayo har su komo inda suka tashi. Na yi musu alkawarin raka su zuwa Ƙofar Ruwa, iyakar abin da gwiwata za ta iya ke nan. Allah Ya kai su lafiya, Ya komo da su lafiya, Ya sa abin da za su tara ya isa hannun masu shi.